Yadda za ka tsare sirrin salularka a Damagaram, tun daga makullin waya har zuwa zauren WhatsApp

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban rumfar mai cajin waya a gefen kasuwar Dole ranar da aka ɗauke wuta ya ga abin da zan faɗa. Wayoyi kamar 30 ne jere a kan tebur, kowace an manna mata ƴar takarda mai lamba, injin wuta yana ruri a baya, masu wayoyin kuma sun bazu cikin kasuwa. Na taɓa tsayawa ina jiran tawa sai wata wayar da ke kusa da hannuna ta haska, saƙo ya fito ɓaro-ɓaro a fuskarta, da sunan wanda ya aiko da yawan kuɗin da ake magana a kai. Ban nemi in karanta ba, ido ne ba ya da shamaki. Idan aka yi zancen leƙen asirin waya, hankalin mutane yakan tafi kan manyan na'urorin gwamnati, alhali mafi yawan sirrin da ke fita a garin nan ta hannun mai gyara, ko abokin fada, ko wani baƙo a cikin zaure yake fita. Abin da hukuma take samu ma sau da yawa ta wannan ƙofar yake iso mata. Saboda haka zan fara da abin da ke hannunka, sannan in je ga abin da ke nesa.

Kafin matakan, ya kamata mutum ya san dokar da yake zaune a ƙarƙashinta. Dokar Nijar ta yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 an sa mata hannu ranar 3 ga Yulin 2019. A 2022 an yi mata gyara aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, amma a Yunin 2024 hukumomin soja suka mayar da shi: ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga zagi ko ɓata suna ta hanyar lantarki, da shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Akwai kuma dokar da majalisa ta amince da ita a ƙarshen Mayun 2020, wadda ta halatta sauraron wasu saƙonnin lantarki da sunan tsaron ƙasa, izinin kuwa daga shugaban ƙasa yake fitowa. A ɗaya ɓangaren, Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya kan ƴancin ɗan ƙasa da na siyasa tun 1986, wadda sashenta na 17 ya hana kutsa kai cikin sirrin mutum da wasiƙunsa ba bisa ƙa'ida ba, kuma akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa kare bayanan mutane. Wanda ya kulle wayarsa bai yi laifi ba, kamar yadda wanda ya ja ƙofar ɗakinsa bai yi ba.

Mataki na farko shi ne makullin waya. Ka sa lambar sirri mai aƙalla lambobi 6, wadda ba shekarar haihuwarka ba ce, ba kuma wutsiyar lambar wayarka ba. Zanen da ake ja da yatsa shi ne mafi rauni, domin wanda ke zaune kusa da kai a kan tabarmar shayi yana iya haddace shi da kallo ɗaya, maiƙon yatsa kuma yakan bar sawunsa a kan gilashi. Buɗewa da zanen yatsa ko da fuska yana da sauƙi, amma ana iya dangwala yatsan mai barci, ana kuma iya ɗaga waya a gaban fuskar mutum ba da sonsa ba. Wanda yake tsoron haka ya tsaya ga lamba, ko kuma ya riƙa kashe wayar gaba ɗaya idan ya hango matsala, domin bayan an sake kunna ta sai da lambar take buɗewa. Daga nan ka shiga saitin sanarwa ka hana abin da ke cikin saƙo fitowa idan waya tana kulle. A wurin caji ka kashe wayar kafin ka miƙa ta. A wurin gyara ka cire layi da katin ajiya, idan kuma mai gyara ya ce sai ka ba shi lambar sirri don ya gwada aikinsa, ka ce za ka buɗe da hannunka a gabansa. Mai gyaran kirki ba ya jin haushin wannan.

Mataki na biyu mutane kaɗan ne suke tunaninsa. Da yawa daga cikinmu ranar da muka sayi waya, mai shago ne ya buɗe mana asusun Google, shi ya zaɓi suna da kalmar sirri, muka karɓa muka tafi. Wannan asusun shi ke riƙe da lambobin mutanenka, da hotunanka idan ajiya tana kunne, har ma ana iya gano inda wayar take ko a goge ta daga nesa da shi. Ka shiga asusun ka canja kalmar sirri, ka sa lambarka a matsayin ta dawo da asusu, ka duba jerin na'urorin da ke ciki ka fitar da duk wadda ba ka sani ba. Kalmar sirri mai kyau doguwa ce: kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangantaka da juna sun fi gajeriyar kalma mai alamomi da kai ma za ka manta. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardar fili. Idan wayar ta hannu ce, ko daga Kano aka kawo ta ko a nan ka saya, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ka sa komai naka.

Na uku shi ne layi, wato pus ɗin da ke cikin waya. Ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, ka tabbata da takardar shaidarka aka yi rajistarsa. Layin da ke da sunan wani, mai sunan yana iya zuwa ya ce ya ɓace a ba shi sabo, ya tafi da WhatsApp ɗinka da kuɗin da ke kai. Haka nan kada ka ba da katinka a yi wa wani rajista, domin duk abin da aka aikata da layin ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Ka sa wa layin nasa makullin mai lambobi 4, amma da hattara: kuskure sau 3 yana rufe shi sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle shi, kuskure sau 10 a kan PUK kuma yana kashe shi har abada. Ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, saboda ranar sata. Idan kana zargin an karkatar da kiranka zuwa wata lamba, ##002# yana soke karkatarwar.

A nan ya kamata a fahimci abin da ba ya ɓoyuwa. Kamfanin waya ya san lambar da ka kira, da lokacin, da tsawon maganar, da eriyar da wayarka take kamawa, wadda ke nuna ko kana Birni ko Zango ko ka kama hanyar Mirya. Kiran waya na yau da kullum da saƙon SMS ba a kulle suke daga wayarka zuwa ta abokin maganarka ba, don haka duk wanda ke da iko a kan kamfanin yana iya kaiwa gare su. Canja layi a cikin waya ɗaya ba ya ɓatar da sawu, tun da lambar IMEI tana nan. Babu wani saiti da zai hana wannan muddin waya tana kunne da layi a ciki. Maganar da ta kai nauyin da kake tsoron a san da wa ka yi ta, ka bar wayar a gida ka taka da ƙafarka.

Mataki na huɗu shi ne WhatsApp, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne rayuwarmu ta koma, daga cinikin dabbobi har sanarwar suna da rasuwa. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya, ta yadda kamfanin layi ko shi kansa WhatsApp ba ya karanta abin da ke ciki. Wannan kullewa a kan hanya take aiki kawai. Da zarar saƙo ya sauka, tsaronsa ya koma hannun mai waya.

Ka fara da kunna tabbatarwa mai hawa biyu, wadda a wayar da ke Faransanci aka rubuta Vérification en deux étapes, ka zaɓi lambobi 6 da ba su ne na buɗe waya ba. Amfaninta na gan shi a gidanmu. Wata safiya kawuna ya zo da waya a hannu, ya ce, "Ɗana, duba mini, abin nan ya fitar da ni." Na tambaye shi ko ya tura wa wani wata lamba. Ya ce, "Wani ne ya kira da ladabi, ya ce daga zauren ƴan garinmu yake, wai za a yi taro ta waya, in karanto masa lambar da ta shigo don a sa ni." Na ce, "Kawu, wannan lambar ita ce makullin gidanka, ka miƙa masa." Kafin azahar an riga an aika wa mutum fiye da goma saƙo da sunansa ana neman rancen gaggawa. Lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa ta SMS ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Idan abin ya riga ya faru, ka sake shiga da lambarka ka nemi sabuwar lamba, shigarka tana fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa tabbatarwar, sai ka jira kwana 7, a cikinsu kuma ka sanar da mutanenka ta kira.

Bayan wannan ka buɗe Appareils connectés, wato jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka. Duk na'urar da ke cikin jerin tana ganin saƙonninka kamar yadda kake gani, kuma minti ɗaya ya isa wanda ya ari wayarka "zai yi kira" ya haɗa ta da tasa. Ka fitar da abin da ba ka sani ba, ka mayar da dubawar al'ada. Sai ajiyar saƙonni da ke tafiya asusun Google: ba ta da irin wancan makulli sai ka kunna shi da kanka, ka sa masa kalmar sirri, wadda idan ka manta da ita babu mai dawo maka da ajiyar. Ka kunna saƙonni masu gogewa da kansu, bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, domin abin da ba ya cikin waya ba a samunsa a cikinta. A ɓangaren sirri ka taƙaita masu ganin hotonka da masu iya jefa ka cikin zaure ba da izininka ba.

Irin WhatsApp ɗin nan na jabu da matasa ke so, kamar GB WhatsApp, saboda yana nuna saƙon da aka goge, ba daga kamfanin ya fito ba, babu wanda ya san abin da aka cusa masa, kuma ana iya rufe lambar mai amfani da shi. A ganina wanda ya sa shi ya sayar da sirrin duk masu yi masa magana don ya ga gulmar da aka janye. Mai aikin da ke buƙatar ƙarin kariya, kamar ɗan jarida ko lauya ko ma'aikacin ƙungiya, ya ƙara da manhajar aika saƙo ta Signal, wanda bayanan da yake ajiyewa game da masu amfani da shi kaɗan ne ƙwarai. Telegram kuwa hirarsa ta yau da kullum da zaurukansa ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, sai hirar sirri da mutum ya buɗe da gangan.

Na biyar gajere ne. Manhajar da aka turo maka ta Xender a fada, ba ka san hannun da ta bi ba, ka sauke daga Play Store ko da zai ci maka mega. Ka duba izinin da kowace ke da shi, ka tambayi kanka me ya haɗa tocila da lambobin mutanenka ko makirufo. Idan waya ta nemi a sabunta ta, ka yarda, domin ramukan da ɓarayi ke bi ake toshewa. Manyan manhajojin leƙen asiri suna nan da gaske: Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila ya sa WhatsApp ya kai kamfanin ƙara a 2019 kan kutsawa cikin wayoyin mutum kusan 1,400, kuma a 2020 masu bincike sun nuna an auna malaman coci da ƴan adawa a Togo da shi. Amma kayan tsada ne da ake tanadar wa mutane ƙalilan, kuma tsoronsa kada ya shagaltar da kai daga wayar da ka bari a buɗe a kan benci.

Mataki na shida ba a cikin saiti yake ba, a bakinka da yatsanka yake. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024. Zaure mai mutum 200 dandali ne, kuma makullin kamfani ba ya hana ɗaya daga cikinsu ɗaukar hoton fuskar waya ko tura muryarka gaba. Mu nan mun fi son saƙon murya saboda ya fi rubutu sauƙi, amma murya sa hannu ce da ba a musunta ta. Magana zarar bunu ce. Kafin ka tura labarin hari, ko hoton gawa, ko zargi a kan wani mai muƙami, ka tambayi kanka wa ya fara faɗa, yaushe, kuma za ka iya maimaita shi a gaban alƙali. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba kariya ba ce, tun da doka yaɗawa ta ambata, kuma sashe na 31 na dokar 2019, bayan gyaran 2024, ya ce hukuncin yana hawa ko da abin da aka yaɗa gaskiya ne. Wannan jimla ta cancanci a yi muhawara a kanta, amma kafin a canja ta haka take. Ka kuma lura da abin da wasu ke rubutawa a ƙarƙashin naka. A Yunin 2020 an kama ƴar jarida Samira Sabou a Yamai kan ƙarar ɓata suna da ta samo asali daga shafinta na Facebook, inda wani dabam ya rubuta sharhi a ƙasan rubutunta, ta yi kusan mako 7 a tsare kafin kotu ta sallame ta. Idan kai ne shugaban zaure, ka kunna amincewa kafin sabon mutum ya shiga, ka sake hanyar gayyata idan ta yaɗu, ka cire lambobin da babu wanda ya san mai su.

Hoto ma yana magana fiye da abin da ke cikinsa. Idan kamara tana da izinin sanin wuri, kowane hoto yana ɗauke da inda aka ɗauke shi da lokacin. WhatsApp yana cire wannan idan ka tura a matsayin hoto, amma ba ya cirewa idan ka tura a matsayin takarda. Ka kashe izinin, ka kuma duba bayan hoton: lambar babur, ƙofar gida, fuskar yaron maƙwabci. Hoton katin shaida ko rasidin aiken kuɗi ba abin sawa a zaure ba ne.

Na bakwai shiri ne don ranar da rezo zai tafi. Daga 24 ga Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet ta salula a Nijar kusan kwana 10, kuma ƴan kasuwa da ɗaliban Jami'ar André Salifou ba su manta ba. Yankewa iri biyu ce. Idan wasu shafuka kaɗai aka toshe, manhajar VPN irin Psiphon ko Proton VPN tana iya zagayawa da kai, amma sai ka sauke ta tun kafin ranar, domin ranar ba za ta saukku ba. Ka sani VPN tana ɓoye wa kamfanin layi shafin da ka shiga ne kawai, mai VPN ɗin yana gani, kuma ba ta ɓoye sunanka a kan abin da ka wallafa. Na kyauta da ba a san masu su ba, da yawa da bayananka suke cin abinci. Idan kuwa intanet ɗin aka yanke ɗungurungum, babu VPN da za ta yi aiki. Abin da ya rage shi ne kira da SMS, waɗanda ka riga ka san a buɗe suke, da manhaja irin Briar ta wayoyin Android da ke aika saƙo ta Bluetooth tsakanin wayoyin da ke kusa da juna. Ka ajiye ƴan kuɗi a hannu, ka rubuta muhimman lambobi a littafi, ku kuma yi yarjejeniya da ƴan'uwa na nesa kan yadda za ku ji juna.

Na ƙarshe shi ne ranar da waya ta bar hannunka. Idan sata ce, ka je kamfani da takardar shaidarka a rufe layin a ba ka sabo, ka shiga WhatsApp a wata waya don ta fita daga waccan, ka goge wayar daga nesa ta asusun Google, ka kai lambar IMEI komisariya. Idan kuma jami'i ne ya nema, a shinge a hanyar Magarya ko a ofis, kada ka yi kokawa, kada ka yi ƙarya, kada kuma ka hau goge-goge a gabansa, domin wannan kaɗai yana iya zama abin tuhuma. Ka tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a kan wane dalili ne?" Idan an riƙe wayar ka nemi a rubuta cewa an karɓe ta. Ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, don haka neman lauya haƙƙinka ne. Wannan yana buƙatar ka haddace lambar mutum biyu a ka, tun da littafin lambobinka yana cikin abin da aka karɓa. Ranar da aka dawo maka da wayar, kafin ka kira kowa, ka canja lambar buɗewa da kalmar sirrin Google daga wata na'ura, ka duba Appareils connectés, ka bi jerin manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Idan ta kwana a hannun da ba ka yarda da shi ba, ka kwashe hotuna da lambobi ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.